Kwabo a Kan Allura

Ku da kuke zaune a bakin kasuwa da kwamfuta a cinya kuna tura wa mutane waƙa a waya, na ji kuna cewa sana'armu ta da ba ta da wata wahala. Wai ka ɗauko faifai, ka ɗora, ka miƙa wa mai saye. Ba na jin haushinku, don ba ku taɓa riƙe abin da in ya fashe shi ke nan ba. Naku in ya goge sai ku sake turawa. Namu ba haka yake ba, kuma zan ba ku labarin aiki guda ɗaya da ya fitar da ni daga wannan sana'a tun kafin ita kanta ta mutu. Sunana Idi, amma duk wanda ya san Dutse a wancan lokaci da Malam Idi mai faifai ya san ni.

Aikin farko da aka ba ni a shagon maigidana Alhaji Garba a Kano shi ne wanke faifai. Shekara guda cur ban taɓa allura ba. A tace ruwan randa da farin ƙyalle, a ɗiga sabulu kaɗan, a bi zanen faifan a kewaye, ba a tsallake shi ba, sannan a jingine shi a tsaye cikin inuwa. Ka bar shi a rana na ɗan lokaci ya yi doro, ka kwantar da goma a kan juna na ƙasa ya lanƙwashe. Sai a shekara ta biyu ya nuna mini kayan aiki: gilashin duba zane, burushi mai laushi, ƙaramin sukudireba, man keken ɗinki, da gwangwanin allurai. Ya kuma koya mini cututtukan faifai ɗaya bayan ɗaya. Akwai mai tsalle, wanda allura ke zamewa ta tsallake waƙa. Akwai mai sarƙewa, wanda zai kama kalma ɗaya ya yi ta nanatawa har ka taso ka ture shi. Akwai wanda aka huda a karkace, muryar mawaƙi ta riƙa tangaɗi kamar mai jin barci. Duk waɗannan daga kamfani wasu ke zuwa da su, sababbi fil a leda.

Akwai kuma wata dabara da kowane mai faifai ya sani. In faifai ya tsufa yana tsalle, sai ka ɗora kwabo a kan hannun allura. Nauyin zai danne ta, ta bi zanen dole. Alhaji Garba ya ba ni wani kwabo mai huji na zamanin Turawa, na ɗaure shi da zare a kan injina don kada ya riƙa faɗuwa. Yawancin faya-fayan da ake kawo mini tsofaffi ne, don haka ban taɓa samun dalilin kwance shi ba. Ya zauna a nan shekara da shekaru har zaren ya yi baƙi ya saje da ƙarfen.

Da aka ba mu jiha, Dutse ta zama babban birni, na kwaso kayana na dawo gida. Na kama shago kusa da tasha. A lokacin kaset ya riga ya cinye kasuwa, kowa ya sani, amma ni ina da nawa mutanen. Ma'aikatan da aka dawo da su daga Kano sun zo da manyan rediyo masu faifai a ka, ba su da mai gyara sai ni. Fulani kuma in sun sayar da dabba ranar kasuwar Shuwarin sukan biyo da ƙananan injinansu masu batir. Maƙwabcina a shago wani Lawan ne mai kaset. Ba mu taɓa faɗa ba, amma ina raina sana'arsa kuma ya sani. Nakan ce masa zaren da yake sayarwa ko a ɗinki ba zai yi ƙarko ba. Shi kuma ya ce in na mutu da faifai za a rufe kabarina maimakon itace.

Wata ranar kasuwa da hantsi wani dattijo dogo ya sauka daga bayan babur da garmaho, tsohon injin faifai irin wanda ake murɗawa da hannu, ba ya cin batir. Ardo Haro ke nan, shugaban wata ruga a hanyar Kafin Hausa. Ƙarfen da ke juya injin ne ya tsinke. Na buɗe, na haɗa shi, na ce ya kawo faifan da za mu gwada. Sai ya kwance wani ƙulli. Saƙi ne a waje, cikinsa farantin tasa biyu a kife da juna, tsakaninsu auduga, tsakiyar audugar faifai guda. Irin na da ne, mai nauyi, wanda in ya faɗi yake tarwatsewa kamar tangaran. Na ɗaga shi a haske. Shekaruna a sana'a ban taɓa ganin faifai mai wannan tsufa da zanensa ya tsaya lafiya haka ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ke kula da wannan?"

Ya ce, "Ni. Sau biyu ake sa shi a shekara, ƙaramar salla da babba. Baffana ne a ciki."

Mahaifinsa Juli makaɗin garaya ne. A zamanin Turawa wasu masu ɗaukar murya suka kira shi Kano, ya yi waƙa biyu, aka buga kaɗan, aka ba shi ɗaya. Fuska ta farko waƙar shanu ce da Hausa. Ta biyu da Fulatanci take, a tsakiyarta ya sassauta garaya ya jero sunayen kakanninsu da wuraren da kowanne ya yi mashekari har suka iso inda suke. Da na ɗora shi, kafin ya ƙare ƙofar shagona ta cika da Fulani. Wani tsoho ya cire malafarsa ya riƙe a ƙirji. Mutum sama da goma suka tambaye ni inda za su sami irinsa.

A nan shaiɗan ya raɗa mini. Na san akwai wani kamfani a Ikko da ke sake buga tsofaffin waƙoƙi a kan sabon faifan roba, suna da wakili a Kano. Na je na same shi. Ya ce uwar wannan waƙa ba ta hannun kowa, amma in akwai faifai mai kyau za su ɗauka daga jikinsa su yanka sabuwar uwa ta ƙarfe, da ita ake buga sauran. Sharaɗi dai sai faifan ya je Ikko.

Sau uku ina zuwa rugar kafin Ardo ya saurare ni. A zuwa na uku muna zaune a gindin tsamiya ya ce, "Kai Kaɗo, ba ka gajiya? Wannan fa ba kaya ba ne."

Na ce, "Ardo, shi ya sa. Guda ɗaya ne. Yau in jika ya yi tuntuɓe da shi, shi ke nan. In an buga ɗari uku, ko ɗari sun fashe akwai ɗari biyu. Kowace ruga daga nan har Garki za a ji muryar Baffa."

Ya daɗe yana kallon shanu. Sannan ya ce, "Zai dawo?"

Na ce, "Da hannuna zan dawo maka da shi, cikin farantansa."

Ya shiga bukka ya fito da ƙullin. Ya ce, "Amana, Malam Idi." Na ce na karɓa.

Faifan ya kwana biyu a shagona kafin in kai shi Kano. Lawan ya leƙo ya ce, "Malam Idi, kawo in ɗauka maka a kaset guda, ka ajiye. Hanyar Ikko nisa gare ta." Na kalle shi na yi dariya. Na san halin kaset. Ka ɗauki ɗaya yau, jibi yana kowace tasha, wa zai sayi faifan da na zuba jarina a kai? Na ce masa ya je ya ci gaba da naɗe zarensa da biro. Ya ɗaga kafaɗa ya koma shagonsa. Aikin minti goma ne da ya yi shi.

Bayan wata biyu faifan gwaji ya iso. Ku saurara da kyau, don nan ne zuciyar sana'ar. Kafin kamfani ya buga da yawa, sai ya buga guda ɗaya mai farar takarda ba suna, ya aiko maka da shi da takardar sa hannu. Aikinka ka saurare shi daga farko har ƙarshe. In ka sa hannu ka mayar da shi, duk abin da ya fito daga baya da yardarka ya fito. Na rufe ƙofar shago da rana tsaka don hayaniyar tasha. Na sa sabuwar allura, na goge faifan, na auna hujinsa, na kwantar da ido a gefensa ina duba doro. Na saurari kowace fuska sau uku. A fuska ta biyu, wajen tsakiya, na ji murya ta ɗan yi ƙasa kamar mutum ya juya kai, sannan ta dawo. Allura ba ta motsa daga hanyarta ba. Na ce wannan tsufan asalin ne. Na sa hannu, na mayar da faifan gwajin kamar yadda doka ta ce.

Kwalaye suka iso ana saura mako biyu salla. Kwalin kowane faifai da zanen saniya da garaya, abin gwanin sha'awa. Ranar kasuwa ɗaya na sayar da fiye da rabi. Ban buɗe ko ɗaya na gwada ba, tunda na riga na ji na gwaji. Na aika wa Ardo saƙo cewa aiki ya yi kyau, nasa na asali kuma yana tafe a kaya na gaba, haka wakili ya ce mini.

Wanda ya fara dawowa da nasa wani ma'aikaci ne, Malam Sabo. Ya ce, "Malam Idi, fuska ta biyu tana tsalle." Na ce allurarsa ce ta cinye, na sayar masa da sabuwa. Kashegari ya dawo da faifan da allurar, bayansa Fulani biyu da irin wannan ƙorafi. Na ce su kawo in nuna musu. Na ɗora a injina ina cika baki. Garaya ta sassauta, Juli ya ja numfashi ya fara jero sunaye, bai yi nisa ba sai murya ta ɗauke. Shuuu kawai kake ji, kamar ana zuba gero a ƙwarya, na tsawon abin da mutum zai karanta Fatiha a hankali. Sannan murya ta dawo, ya riga ya wuce kakanni huɗu.

Malam Sabo ya ce, "A nawa ko wannan shuuu ɗin ba ya yi, zamewa take ta wuce. Amma kai me ka ɗaure a kan allurarka?"

Na duba. Kwabon ne. Wallahi sai a ranar na gan shi.

Na ɗauko gilashi na duba faifan. A tsakiyar fuska ta biyu akwai wani zobe mai sheƙi, faɗinsa bai wuce na tsinken tsintsiya uku ba, inda zanen ya shafe. Wajen yanka uwar ƙarfe ne zanen bai nutse ba a wurin. A faifan gwaji, da yake shi ne bugun farko, akwai ɗan saura, kwabona ya danne allura ta bi shi ta karanto. Da na gwada shi da allura mara nauyi kamar ta kowa, da ta zame nan take na ƙi sa hannu. Da aka ci gaba da bugu, ɗan sauran ya ƙarasa shafewa. Na buɗe kwali bayan kwali har na gaji. Duk wanda na buɗe zobe ɗaya ne a wuri ɗaya.

Karɓo kayan da ka sayar ya fi sayar da shi wuya. Wakili ya ce kamfani zai musanya, amma sai an mayar da marasa kyau. Na bi kasuwar Kafin Hausa, na bi Taura, na bi Garki, ina tsayawa a wajen 'yan shanu ina cigiya. Wasu suka ba ni suna tsaki. Wasu sun riga sun tashi da dabbobinsu. Wani ya ce ba zai bayar ba, ya ji labarin wanda ya ba ni nasa har yau bai gani ba. Na haɗiye wannan don gaskiya ya faɗa.

Musanya ta farko ta zo bayan damina ta sauka. Sababbin kwalaye, sabuwar leda, har da hatimi a gefe wai an duba. Wannan karon na kwance kwabo, na aro injin Malam Sabo, na gwada a inji biyu. Zoben yana nan inda yake. Da tsohuwar uwar ƙarfen suka sake bugawa, ba wanda ya ɗora ko ɗaya a kan inji a can. Na koma Kano na yi wa wakili ihu har maƙwabta suka taru. Ya ce in yi haƙuri, ai faifan asali yana can, za a yanka sabuwar uwa daga jikinsa. Na ce to a ba ni asalin in riƙe har ranar da suka shirya. Ya ce in na ɗauke shi da me za su yanka? Na dawo hannu rabbana.

Musanya ta biyu sai da rani ta zo. An ɗoro kwalayen a saman babbar mota ba rumfa, kwana huɗu a hanya. Da na buɗe, kowane faifai ya yi doro kamar ganyen kabewa. Na zaɓi mai dama-dama na matse shi tsakanin gilashi biyu kwana uku har ya ɗan kwanta. Fuska ta farko Juli ne da waƙar shanunsa, lafiya lau. Na juya fuska ta biyu. Sai ga ganguna da muryoyin wasu mata na kudu suna amshi da yaren da ban sani ba. Sun haɗa uwarmu da ta wasu. Takardar da ke manne a kai kuwa sunan Juli ne, rangaɗau. Lawan da ke tsaye a ƙofa ya fara dariya, ya ga fuskata, ya haɗiye ta.

A wannan makon na hau mota zuwa Ikko da kaina, da farantan Ardo a jaka don in dawo da faifan a cikinsu. Na sami ƙofar kamfanin da kwaɗo. Maigadin wani mutumin Haɗejiya ne, ya ji Hausata ya ba ni benci. Ya ce ai an daina buga faifai, an sayar da injinan, masu kamfanin sun koma kaset a wata unguwa. Na tambaye shi kayan da ake mayarwa fa? Ya ce niƙa su ake yi a sayar wa masu yin bokiti. Na ce nawa ba roba ba ne, irin na da ne mai nauyi. Ya ce, "To irin wannan ba ya narkewa, Malam. Bayan gida ake zubarwa." Ya buɗe mini ƙaramar ƙofa. Akwai tudun tarkace a bayan ginin, ruwan sama ya dake shi, ciyawa ta fito a kai. Kwana biyu ina tona shi da hannu da guntun katako. Ɓaraguzan baƙin faifai sun fi a ƙirga, duk takardunsu sun wanke. Wataƙila na riƙe guntun nasa a hannuna na jefar, ba ni da hanyar sani. A sabon ofishinsu wani akawu ya duba wani littafi ya ce shi bai ga an rubuta an karɓi wani faifai daga Dutse ba.

Na isa rugar da la'asar sakaliya. Ardo yana gindin tsamiya yana murza igiya. Na gaishe shi, na durƙusa, na ajiye farantan a gabansa. Ya ɗaga na sama, ya ga auduga, ya mayar ya rufe. Na faɗa masa komai, har kwabon, har maganar Lawan. Ban rage wa kaina ko ɗaya ba. Na so ya ɗaga murya, na so ya ɗaga sanda. Sai ya kira wata jikarsa ya ce ta kawo wa baƙo nono.

Na ce, "Ardo, ka ce wani abu."

Ya ce, "Ka sha nono, Malam Idi. Ka sha hanya."

Na sha, ban san ta inda ya wuce ba. Na fito da faifai guda daga cikin masu zobe da na ɓoye ban mayar ba, na ce ga abin da ya rage. Ya juya shi a hannu ya ce a ɗauko garmaho. Dole na gaya masa wannan ma ba zai yiwu ba. Sabon faifan roba ba ya hawa tsohon garmaho, gudunsu ba ɗaya ba ne, allurar ƙarfen kuma za ta huɗe shi kamar garma. Tun ranar da na fara lallashinsa ya kamata in faɗa masa haka, ban tuna ba sai a lokacin. Ya miƙo mini faifan ya ce, "To ajiye a wurinka. Zan riƙa zuwa."

Ya kuwa riƙa zuwa. Ranar kasuwa in ya gama da 'yan shanu sai ya shigo, ya zauna a kan benci, ya jingine sandarsa. Ba ya cewa in sa, ni ma ba na tambaya. In ɗora fuska ta biyu. In an zo wurin zoben murya ta ɗauke, sai ya sunkuyar da kai ya faɗi sunayen da bakinsa, a hankali, daidai da yadda uban yake faɗa, ya ƙare daidai lokacin da muryar ke dawowa. Ko sau ɗaya bai kuskure ba. Ni kuwa ina tsaye a kan inji da yatsa kusa da allura, kada ta zame ta yanke shi. Ban sake aika komai a buga ba tun daga nan, mutane ma sun daina kawo mini abin da suke ji da shi. Na koma gyaran rediyo da tocila.

Da shekarun shari'a suka zo, ɗan abin da ya rage na sana'ar ya ƙarasa. Ba wanda ya zo ya rufe mini shago, kada ku ji an ce. Mutane ne da kansu suka ja jiki. Mai rediyo mai faifai ya lulluɓe shi da zane ya ɗora tasoshi a kai. Wanda ke zuwa neman allura ya daina. Lawan ya kwashe kasusuwan waƙa ya cika kantarsa da na wa'azi da karatu, ya ce in zo mu haɗa, na je, don yara sai sun ci tuwo. Ni da na raina zare, na ƙare ina naɗe shi da biro. Injin faifan na mayar da shi ƙuryar shago bayan labule. Ardo ya ci gaba da zuwa amma jefi-jefi, kuma sai in rage murya ƙasa-ƙasa. Wata rana da aka gama ya ce, "Malam Idi, malamai sun ce garaya ba kyau, ni kuma na tsufa. Ba yadda za ka cire kiɗan ka bar mini muryar kawai?" Na ce ba yadda za a yi, a zane ɗaya suke. Ya ce, "To Allah Ya yafe mana, ni da shi." Ya ɗauki sandarsa. Bayan wannan zuwa biyu ya ƙara yi.

Labarin rasuwarsa a tasha na ji. Na je gaisuwa na zauna a bayan mutane. Bayan sadakar arba'in wani mutum mai farar shadda ya yi sallama a shagon, da littafin rubutu a hannu. Ya ce shi ne Usmanu, babban ɗan Ardo, malamin makaranta ne, aiki ya daɗe da kai shi nesa da gida.

Ya ce, "Baba, wata alfarma na zo nema. Ina so in rubuta wa 'ya'yanmu asalinmu. Muna yara ba wanda ya damu ya haddace, tunda duk salla muna ji a faifai. Da faifan ya ɓata mahaifina ya yi ta cewa in zo in rubuta, ni kuma ina cewa sai na sami hutu. Da na zo, ciwon ya riga ya kama harshensa. Na bi dattawan da suka rage, wannan ya faɗi suna biyu, wancan ya faɗi wasu biyu daban. Amma kowa ya ce mini kai ka fi kowa jin faifan nan, kuma a gabanka yake faɗin sunayen."

Na ɗaga labule, na goge injin, na ɗora masa. Ya buɗe littafi yana bin muryar kakansa yana rubutawa. Suna uku ya samu, garaya na tafiya a hankali, sai shuuu. Ya ɗago kai ya kalle ni, alƙalami a tsaye.

Na buɗe baki. Na san tsawon wannan shirun kamar yadda na san sunana. Na san akwai ɗan ƙas a farkonsa da wani a kusa da ƙarshe, na san inda allura ke son zamewa. Na ji faifan asali ya fi sau ashirin, na ji na gwaji sau uku, na ji Ardo yana cike gurbin shekara da shekaru a kan bencin da ɗansa ke zaune. Amma ni ba na jin Fulatanci, kuma duk tsawon lokacin nan allura nake saurare. Ko harafin farko na suna ɗaya ban riƙe ba.

Na ce, "Malam Usmanu, ban sani ba."

Ya ce, "Ko ɗaya, Baba? Ko yadda yake fita a kunne, ni zan gane."

Na ce, "Ko ɗaya."

Muryar Juli ta dawo, ya sunkuya ya ci gaba da rubutu har faifan ya ƙare. Na leƙa littafin. Ya tsallake layi huɗu ya bar su fari, ya sa musu lamba a gefe. Ya rufe, ya miƙe, ya ba ni hannu biyu. Ya ce ya gode ƙwarai da yadda na riƙa karɓar mahaifinsa, Allah Ya saka da alheri. Irin tarbiyyar gidansu ke nan, kuma da gaske yake. Na raka shi bakin titi ya hau babur, ban iya amsa masa da amin ba.